Gonar Wa Ce? Darasi a Kan Shari'ar Gona a Karkarar Kano

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu a wannan makaranta 'ya'yan manoma ne. Kuɗin makarantar da ake biya mana daga gero da dawa da gyaɗa da wake suke fitowa. Ko wanda mahaifinsa ke aikin albashi a birni, in aka bi sawu za a tarar akwai wata gona a ƙauye da ake kira ta gidansu. Amma da za a tsayar da ɗayanmu a ce masa, "Mene ne shaidar cewa gonar nan taku ce?" amsar yawancinmu ba za ta wuce "Ai kowa ya sani" ba. Wannan amsa tana isa muddin waɗanda suka sani suna raye. Ranar da ƙasa ta rufe idonsu, sai ga 'yan'uwa biyu ko maƙwabta biyu a gaban alƙali, kowa yana rantsuwa gonar tasa ce, kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da ya taso ya ji a gidansu yake faɗa.

A wannan darasi za mu duba yadda mallakar gona ke shiga duhu a karkarar arewacin Kano, da yadda kotu ke bi ta fitar da mai ita. Za mu ɗauki garin Ungogo a matsayin misali, saboda tarihin shari'ar gado da gona a wannan gari yana cikin waɗanda masana suka yi nazari a kansu sosai.

Ƙasar da Ba Ta Hutawa

Duk wanda ya bar birnin Kano ya yi arewa, ta Ungogo da Minjibir da Gezawa, ko ta Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Ɗambatta, zai lura da abu guda: gona na manne da gona, gida na hango gida, da wuya ka ga dajin da ba shi da mai shi. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960. Ya nuna cewa yana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma manomansa suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne taki: kashin awaki da tumaki, da toka, da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna, sai kuma itatuwa irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da ake bari a tsakiyar gonaki.

Wannan yana da muhimmanci ga darasinmu. A inda daji ke da yawa, in an yi saɓani a kan gona, ɗaya yana iya haƙura ya je ya sari sabuwa. A arewacin Kano babu inda za a sara. Kuma gonar da mutum ya shekara ashirin yana zuba wa taki, guminsa yana cikinta. Shi ya sa kunya ɗaya da aka ci a kan iyaka take iya raba zumuncin shekara hamsin. Iyakar kanta kuwa ba da siminti ake yin ta ba. Layin gamba ne, ko shingen aguwa, ko lalle, ko wani kututture da tsofaffi suka sani. Gamba na ƙonewa, aguwa na mutuwa, tsofaffi kuma na tafiya.

Hanyoyin da Gona Ke Shiga Hannun Mutum

Kafin mu fahimci shari'ar, dole mu san cewa ba duk mai noma gona ne mai ita ba. Bahaushe yana da sunaye daban daban ga hanyoyin da gona ke shiga hannu.

Akwai hanyoyin da ke ba mutum gona ɗungurungum, wato gado, da saye, da kyauta, da saran daji a zamanin da akwai dajin. Akwai kuma waɗanda ke ba shi amfanin gona kawai, asalinta na nan a hannun mai ita. Na farko shi ne aro, inda ake ba mutum ya noma don zumunci ko tausayi. Na biyu haya, inda yake biyan wani abu duk shekara. Na uku jingina, inda mai gona ke karɓar kuɗi ko hatsi, ya bar gonar a hannun mai bin sa bashi har ranar da zai fanshe ta. Na huɗu riƙo, inda wani ke kula da gonar maraya, ko ta wanda ya yi tafiya, ko ta 'yar'uwarsa da ke gidan aure.

Ga inda matsalar take. In ka tsaya a bakin gona da damina, ba za ka iya bambanta wanda ya saya da wanda aka jinginar wa ba. Dukansu suna huɗa, suna shuka, suna girbi. Bambancin yana cikin wata magana da aka yi a zaure, a gaban mutum biyu ko uku, wata rana da ta wuce. Hausawa na cewa in mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. To, amma in shekara arba'in ta wuce, jikan mai tabarma bai ma san tabarma ce aka shimfiɗa ba. Shi a saninsa wurin na kakansa ne.

Gado kuma yana ƙara yanka gonar. Alal misali, mu ɗauka magidanci ya rasu ya bar gona mai eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 3 da mace 1, babu sauran magada. A rabon gado na Musulunci matar za ta sami tumuni, wato eka 1. Kowane ɗa namiji zai sami eka 2, 'yar kuma eka 1. In ɗaya daga cikin mazan ya rasu ya bar 'ya'ya maza 4 kaɗai, kowannensu rabin eka zai samu. Saboda gudun wannan ne gidaje da yawa ke barin gona ba a raba ba, ana noma ta gandu a ƙarƙashin babban wa. Zaman lafiya ne na ɗan lokaci, amma kuma tara wa jikoki aiki ne.

Doka a Kan Doka

Abu na biyu da ke rikita mallakar gona shi ne dokokin da aka yi ta ɗorawa, wata a kan wata, ba tare da an share ta ƙasa ba.

A zamanin Daular Usmaniyya, malamai sun yi rubutu a kan hukuncin ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita, kamar raya ta da noma ko samun ta daga hannun shugaba. A aikace, dagaci da mai unguwa su ne ke ba baƙo wurin noma, su ne kuma ke karɓar gonar wanda ya ƙaura bai bar magaji ba.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka naɗa Sarki Abbas. A 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan, a zamanin Gwamna Girouard, don ya tsara yadda za a tafiyar da ƙasar Arewa. Sakamakonsa shi ne dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916. Dokar ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Ke nan a takarda manomi ba shi da ƙasa, izinin zama da amfani kawai yake da shi. A ƙauye kuwa mutane sun ci gaba da gado da saye da jingina kamar yadda suka saba.

A waɗannan shekaru ne aka shigo da harajin taki a gundumomin da ke kewaye da birni. Takin nan ba na zubawa a gona ba ne, takun ƙafa ake nufi: malaman taki suna auna tsawo da fāɗin gona da taku, a yanka wa mai noma ta haraji gwargwadon girmanta. Daga baya aka kawo awo na safiyo har da taswira. Amma mu lura, abin da hukuma ke nema shi ne wanda zai biya haraji. Sunan da ya shiga littafi yana iya zama na mai aro ko na mai riƙo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, gona ta ƙara daraja. Sai kuma ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta sa mutane da yawa barin gidajensu. Rubutattun shari'o'in Majalisar Sarki Abbas na waɗannan shekaru biyu suna nan da Larabci, kuma wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wasu daga cikinsu ya buga a 1994. A cikinsu akwai ƙararrakin gona, abin da ke nuna mana cewa wannan rikici ya girmi kakanninmu, kuma a wancan zamani har gaban Sarki talaka ke kai kukansa a kan gona.

Bayan samun 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar ƙasa ta 1962, wadda ta bi sawun ta Turawa. Sannan a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ita ce ke aiki har yau, an kuma saka ta cikin tsarin mulki. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Filin da ke cikin yankin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izininsa. Na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, amma ba za ta wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da yardar Gwamna. Sashe na 36 ya ce wanda ke noma gona a karkara kafin dokar ya ci gaba da riƙe ta kamar ƙaramar hukuma ce ta ba shi, kuma yana iya kai zanen gonar a yi masa rajista. Sai dai sashen ya hana yanka irin wannan gona fuloti fuloti ko miƙa ta ga wani. Kowa ya san abin da ke faruwa a ƙauyukanmu ya san akwai tazara tsakanin wannan doka da abin da ake yi kullum.

Darasi Daga Ungogo: 1923 da 1954

Ungogo gari ne a arewa da birnin Kano, hedkwatar gunduma a da, hedkwatar ƙaramar hukuma a yau. Wani masanin tarihi ɗan Amurka, Steven Pierce, ya zauna a garin a shekarun 1990, ya tattauna da manoma, ya kuma karanta tsofaffin takardun kotu da na En'e. Littafinsa ya fito a 2005. Cikin abubuwan da ya bi diddiginsu akwai wani hukunci da ya shafi kowane gida a ƙasar Kano.

A 1923 Sarkin Kano Usman ya yi shela cewa mata ba za su ƙara cin gadon gida ko gona ba. Dalilin da ya bayar shi ne wai matan da suka gaji gida ko gona suna ƙin zaman aure, suna shiga zaman kansu. Wannan doka ta yi aiki har ƙarshen sarautarsa a 1926, ta kuma ratsa dukan zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ya gaji mahaifinsa, ya soke ta. Shi kuma dalilinsa shi ne halin ƙunci da tsofaffin mata ke shiga saboda ba su da abin dogaro.

Mu tsaya mu yi lissafi. Daga 1923 zuwa 1954 shekara 31 ke nan. Mu koma ga gonarmu mai eka 8. Da mai ita ya rasu a 1920, rabon da ya dace shi ne wanda muka yi a sama. Da ya rasu a 1940, eka 2 ɗin matar da 'yar sun tafi hannun maza uku. Da ya rasu a 1960, sun dawo wa mata. Gona ɗaya, gida ɗaya, addini ɗaya, amma mai ita ya danganta da shekarar da aka yi mutuwa. Da aka soke dokar, ƙofa ta buɗe ga mata su nemi haƙƙinsu a kotu. To, amma gonakin da aka raba a waɗancan shekaru ba su tsaya jira ba. Wasu an sayar, wasu an jinginar, wasu an sake raba su ga 'ya'ya.

Har ila yau, ko bayan 1954 mace takan bar rabonta a hannun yayanta ko ƙanenta. Dalili a fili yake: tana gidan miji, wataƙila a wani gari, kuma ta san in aure ya mutu ko tsufa ya zo, gidan ɗan'uwan nan za ta koma. Neman rabon gona yana iya rufe mata wannan ƙofa. Don haka sai ta yi shiru, shi kuma yana aika mata da damin gero da kaka. Bayan ransu, 'ya'yanta su ce riƙo ne, 'ya'yansa su ce ta bar wa ubansu kyauta. Irin wannan ƙara tana da yawa a kotunan karkara.

Yau Ungogo na cikin ƙananan hukumomi 8 da ake lissafawa a babban birnin Kano. Gonakin gero sun zama fuloti, kuɗinsu ya ninka. Maganar da aka binne shekara da shekaru saboda kunya, sai ta taso ranar da dillali ya faɗi farashi.

A Gaban Alƙali

Yanzu bari mu shiga kotu. Mu ƙaddara wani manomi ya jinginar da gonarsa ga maƙwabcinsa a lokacin farin 1973, ya karɓi hatsi, ya tafi Kurmi neman abinci, bai dawo ba. Maƙwabcin ya yi ta noma har ya rasu, 'ya'yansa suka ɗora. Yau jikan wancan ya zo da kuɗi a hannu yana neman fansar gonar kakansa. Yaya alƙali zai yi a bisa mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na ƙasar nan ke bi, da littattafai irin su Tuhfatul Hukkam da Muhtasar na Halil?

Da farko zai tantance wane ne mai da'awa, wane ne ake da'awa a kansa. Ba lallai wanda ya fara kai ƙara shi ne mai da'awa ba. Mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa abin da ido ke gani. A nan gona na hannun 'ya'yan maƙwabci, don haka nauyin kawo hujja na kan jikan.

Na biyu, zai nemi a bayyana gonar sarai: ina take, wa ke gabas da ita, wa ke yamma, kudu da arewa. Sau da yawa kotu kan tashi ta je gonar da kanta, a kira maƙwabtan iyaka da mai unguwa, don gani ya kori ji.

Na uku, shaidu. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ana ba abokin shari'a dama ya soki shaida, misali ya nuna cewa yana da wata moriya a cikin maganar ko akwai gaba tsakaninsu. In mai da'awa ya kasa kawo shaida, sai a juya ga wanda ya musa ya yi rantsuwa.

Na huɗu, hauzi. Ma'anarsa daɗewar abu a hannun mutum. In wanda ba dangi ba ya riƙe gona shekara 10 yana amfani da ita kamar tasa, mai da'awa kuwa yana gari, yana gani, bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin zuwa wajen shekara 40, saboda an san ɗan'uwa na kawar da kai ga ɗan'uwa. Amma hauzi ba ya cin gonar aro, ko ta haya, ko ta jingina, ko ta riƙo, in an tabbatar da haka aka shiga. Ba ya kuma cin haƙƙin wanda ba ya nan, ko ƙaramin yaro, ko wanda tsoron mai iko ya rufe wa baki.

Ashe ke nan shari'ar jikan nan ta rataya a kan tambaya ɗaya: akwai wanda ya halarci jinginar 1973 da ke raye, ko wata takarda da aka rubuta? In akwai, shekara hamsin ba za ta hana shi fansar gonarsa ba. In babu, gonar za ta zauna inda take, ko da kuwa a gun Allah shi ke da gaskiya. Kafin yanke hukunci alƙali zai yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana ko hujja. Rashin yin i'izari kaɗai yana iya sa kotun sama ta rushe hukuncin.

Wace Kotu Ce Ke da Hurumi?

Sanin inda za a kai ƙara rabin shari'a ne. A zamanin En'e akwai kotunan alƙalai da kotun Sarki. Dokar 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta soke kotunan sarakuna, ta mai da na alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. A shekara ta 2000 Jihar Kano ta maye gurbinsu da kotunan shari'ar Musulunci. Wanda ba Musulmi ba, kamar Maguzawa da Kiristocin da ke noma a ƙauyukan Kano, ba a yi masa shari'a a can sai da yardarsa.

Dokar 1978 ta ce filin da ke ƙarƙashin izinin Gwamna, Babbar Kotun Jiha kaɗai ke sauraron shari'arsa. Gonar karkara kuma ta ba kotun yanki ko ta gargajiya. An daɗe ana muhawara ko Babbar Kotu na iya sauraron ƙarar gonar karkara tun daga tushe. A 1997 Kotun Ƙoli ta ce ba ta iyawa. A 2000, cikin wata shari'a da ta taso daga Jihar Oyo, ta sauya matsayi ta ce tana iyawa.

Akwai kuma tarko a wajen ɗaukaka ƙara. Tsarin mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci hurumi a kan aure, da gado, da kyauta, da wasiyya, da waƙafi, da riƙon marayu. In rikicin gona na rabon gado ne tsakanin magada, can za a nufa. In kuwa jayayya ce kawai a kan wane ne mai gona, kamar saye ko jingina ko iyaka, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan kotu ba ta da hurumi, Babbar Kotu za a je. Wanda ya ɓata hanya yana iya shekara goma yana zirga-zirga, ya sayar da akuya da sa, daga ƙarshe a ce masa a koma farko.

Ƙarfin Takarda da Iyakarta

A Babbar Kotu ana bin wata ƙa'ida da Kotun Ƙoli ta shimfiɗa a 1976, cikin shari'ar filin Okere a garin Warri. Ta lissafa hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar ƙasa: tarihin baka da ke nuna wanda ya fara kafa wurin da yadda ya gangaro, da takardu ingantattu, da ayyukan mai abu kamar sayarwa ko ba da haya na tsawon lokaci, da daɗewa ana riƙe da wurin, da kuma mallakar filin da ke manne da shi. Hanya ɗaya ta isa in ta tabbata.

Mu lura tarihin baka shi ne na farko a jerin, don haka maganar tsofaffi tana da daraja har a kotun lauyoyi. Sai dai ana so ta zo a jere, daga wane zuwa wane, ba tare da giɓi ba. Mu kuma lura cewa takardar shaidar mallaka da Gwamna ke sa wa hannu ba ta wanke ƙazanta. A 1990 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya karɓi satifiket a kan filin da wani ke da haƙƙi a kansa tun da farko, takardarsa ba ta ba shi komai ba. Wannan kariya ce ga manomi a ranar da wani ya zo da takarda mai hatimi yana cewa gonar tasa ce. Gargaɗi ne kuma ga mai saye: ya binciki asalin gona kafin ya biya.

Gwamnati ta san girman matsalar. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka kuma zaɓi jihohin Kano da Ondo don gwajin yi wa filaye rajista ɗaya bayan ɗaya. Jihar Kano tana da hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta. Duk da haka yawancin gonakin karkara har yanzu a ƙwaƙwalwar mutane suke.

Kammalawa

Kotu ba ta san gaibu ba. Abin da aka kawo gabanta da shi take hukunci, kuma ko ta raba gardama, da wuya ta mai da zumunci yadda yake. Shi ya sa iyayenmu ke fara kai magana gun dattawan gida, sannan mai unguwa, da dagaci, da hakimi, kafin a kai ga sammaci. Rigakafi kuwa ya fi magani, kuma a nan ne mu 'yan makaranta muke da abin yi, tunda a gidaje da yawa mu ne masu alƙalami.

In mun je hutu, mu zauna da iyaye da kakanni cikin ladabi, mu rubuta kowace gona ta gidanmu: sunan wurin, maƙwabtanta na kusurwa huɗu, yadda ta shigo hannunmu, da waɗanda suka shaida. In akwai gonar wani a hannunmu ta aro ko jingina ko riƙo, mu rubuta haka, ko da ba zai yi mana daɗi ba. In akwai tamu a hannun wani, a sabunta maganar a gaban shaidu. In rabon gwaggo ko inna yana cikin gandu, a faɗa a rubuta tun tana raye, ta faɗi da bakinta ko riƙo ne ko kyauta. Duk ciniki ko jingina da za a yi nan gaba, a sa kwanan wata, da adadin kuɗi, da hannun shaidu har da matasa a cikinsu, da hatimin dagaci, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, sannan a nemi rajista a ƙaramar hukuma.

Tambayoyin Nazari

1. Bambanta tsakanin aro, jingina da riƙo. Me ya sa hauzi ba ya cin su?
2. Magidanci ya rasu ya bar gona mai eka 16, da mata 2, da 'ya'ya maza 2 da mata 3, babu sauran magada. Fitar da rabon kowa. Su wa za su rasa rabonsu da a 1940 ya rasu a ƙasar Kano?
3. Wace kotu za a ɗaukaka ƙara in rikicin na iyakar gona ne tsakanin maƙwabta, wace kuma in na rabon gado ne?
4. Zana taswirar gona ɗaya ta gidanku, ka nuna alamomin iyakarta da sunan itatuwan da ke cikinta.